Nomau Gyartai da Ƙasar da Ta Tsage Biyu

To, ku gyara zama, ga wata nan ta taso. Wanda ya yi surutu ba zan maimaita masa ba.

A wani ƙauye can bayan duwatsu an yi wani gyartai, Nomau sunansa. Ɗinkin ƙwarya ya gada wurin ubansa, hannunsa da kyau, sai dai gaggawa kamar ana korar sa. Matarsa Tasalla na da ciki wata bakwai, na fari, bayan shekara shida suna nema. Ranar kasuwa ya bar ta tana tankaɗe, ya ce mata yanzu zai dawo.

Da rana tsaka sai ga wani dogon mutum, rawani har ido, riga har ƙasa. Ya dire ɓari biyu na wata 'yar ƙwarya gaban Nomau, ya ce, “Ya kai ma'abocin basilla, waɗannan abu ɗaya ne ko abu biyu?”

Nomau ya jujjuya su. Ɗaya ya kumbura ya yi laushi, ɗaya ya ƙanƙance ya yi baƙi. Ya ce, “Ƙwarya ɗaya ce, dubi jijiyar cikinta. Wannan a ruwa ya daɗe, wannan a saman murhu aka manta shi.”

“Za su haɗu?”

“Me zai hana? Ai ba abin da ba na ɗinkewa.”

Kun ji inda bakinsa ya ja masa. Ya sunkuya zai ɗauki basilla, sai ya ga ƙafar mutumin kofato ce. Kafin ya buɗe baki ya yi salati guguwa ta naɗe su, shi da jakar aikinsa.

Suka faɗo bakin wani kogi na yashi zalla, yana gudu yana huci. Dogon ya ce, “Sunana Dogo, jakadan aljanu ne ni. Kogin nan ba ya barin mai takalmi.” Nomau ya tuɓe takalmansa sababbi ful, kogin ya lanƙwame su ko godiya babu, sannan ya daskare suka taka. Suka shiga wani daji inda itatuwa ke tafiya suna gaisawa. Wata tsohuwar kuka ta tare hanya, ta buɗe kogonta, ta ce, “Ya kai bil'adama, damina ta fi ko rani?”

Nomau ya dubi Dogo, Dogo ya kau da kai. Nomau ya ce, “Iya, wallahi ban sani ba. Ni ko inda nake ban sani ba.”

Kukar ta yi dariya har 'ya'yanta suka zubo. “Wuce. Gyartai goma sha ɗaya aka kawo kafin kai, kowa ya zaɓa, ga su nan a cikina.”

Suka kai wata ƙofa, tsuntsu mai kai biyu na gadi. Kai ɗaya ya ce a shiga, ɗaya ya ce kada a kuskura, suka kama saran juna. Dogo ya ja hannun Nomau suka wuce ta tsakanin ƙafafunsa.

Sai ga ƙasa, yanki guda, zagaye da lanƙwasa kamar babban masaki, ta tsage tun daga wannan baki har wancan. Tsagar kuwa ba a ganin ƙarshenta. Ɓarin dama ruwa ake yi ba ƙaƙƙautawa, dawa ta fi giginya tsayi, aljanun wurin sun yi ɓul-ɓul, amma gansakuka ta fito musu a baya, kuma ba a iya hura wuta. Ɓarin hagu rana ce ƙwal, aljanun sun bushe kamar kilishi, shekara ɗari ba a ji kukan jariri ba. A bakin tsagar gidan sarauta biyu na kallon juna.

Daga dama wata mace mai jiki ta yi magana, muryarta kamar ruwan indararo. “Ni ce Raɓa, mai mulkin Ɓarin Damina. Ƙasa ɗaya muke dā. Shekara ɗari uku ke nan da kakan wancan ya fasa ta.”

Daga hagu wani siririn tsoho ya daka tsawa. “Ni ne Ƙuna, mai mulkin Ɓarin Rani. Kakarta ce ta fasa.”

Nomau ya ce, “Ranku ya daɗe, a kan me aka fasa?”

Wani ya ce rijiya, wani ya ce gaisuwa ce ba a amsa ba, wata ta ce ai akuya ce. Ba wanda ya sani.

Raɓa ta ce, “Muna ruɓewa, suna bushewa. Ka ɗinke mu.”

Dogo ya sunkuyo kunnensa. “Ƙofa ba za ta buɗe maka ba sai ɗinki ya riƙe. Kuma ka sani, kwana ɗaya a nan shekara ɗaya ce a gidanku.”

Nomau ya yi lissafi. Wato kafin gobe Tasalla ta haihu, an yi suna, har an fara rarrafe, ba shi. Ya ce a ba shi wuri.

Ku riƙe wannan, don daga baya kada wani ya ce laifin aljanu ne duka. Nomau ya sani sarai ba a ɗinkin ƙwarya haka nan. Busasshen ɓari sai an jiƙa shi ya sake jiki, kumburarren sai an shanya shi an kankare bakinsa, har su yi daidai. Ubansa ya sha make masa hannu a kan haka. Amma ya ce a ransa, “Wa ya san aikina a nan?”

Ya zaro basilla, tana shan iskar ƙasar ta miƙe ta yi tsayin itacen rimi, amma a hannunsa ba nauyi. Kowane aljani ya ba da gashin kansa ɗaya aka tufka zare. Ya yi huda can kan gaɓa inda ba gidan kowa, don kada a tsaya gardama, ya zura, ya ja. Ƙasa ta yi ƙara, ɓari biyu suka matso suka dunguri juna.

Sai kiɗa, sai guɗa, tsofaffi na kuka suna kiran sunayen dangi. Ba a jima ba guɗar ta koma hayaniya. Ɓarin Damina ya fi ɗan'uwansa tsawo da ƙauye uku, sun yi tsuru suna reto a sarari. Hanyar babbar kasuwar wannan ɓari ta zo ta tokari bangon makewayin wani a wancan. Wani ya fita ƙofar da kakansa ya ce ta gidan ƙanensa take kallo, ya faɗa turken jakin baƙo. Mutanen Damina suka ce yau Talata, na Rani suka ce Juma'a, aka rasa ranar da za a ce an haɗu.

Sannan kuɗi. Kuɗin Damina ƙanƙara ne, irin wadda ke faɗowa da ruwa. Kuɗin Rani curin gishiri. Wani attajirin Damina ya tsallaka da buhu zai saye rumfuna, kafin ya gama sallama buhun ya zama ruwa a gadon bayansa. Wata tsohuwa ta Rani ta kawo gishirin da ta tara tun tana budurwa za ta sayi dawa, ruwa ya taɓa shi, ta tsaya da tsumma a hannu tana tambayar kowa ina dukiyarta.

Duk da haka samarin Rani suka yi ta kwarara Damina neman abinci da aiki, dubu bisa dubu, har garuruwansu suka zama kufai. Nauyi ya koma gefe ɗaya. Nomau ya ji ƙasa na karkata ƙarƙashin ƙafarsa. Hudojin da ya yi kan gaɓa suka fara yagewa, ɗaya bayan ɗaya, fat, fat, fat. Ƙasa ta sake darewa, tsagar ta fi dā faɗi.

Shekara ɗaya ta tafi.

Kashegari ya durƙusa a bakin tsaga ya faɗi gaskiya. “Ranku ya daɗe, na yi ha'inci. Sai an jiƙa Rani kwana uku da ruwan Damina. Sai an shanya Damina da wutar Rani, a kankare bakinta. Huda kuma ba a kan gaɓa ake yi ba, sai an shiga ciki inda ƙwarya ke da nama.”

Raɓa ta ce, “Ruwanmu? Mu da muka yi tattali mu ɗauka mu ba malalata? Jiya kaɗai sun cinye mana rumbu arba'in.”

Ƙuna ya ce, “Wa za a jiƙa? Mu ba mabarata ba ne. Ba ma ƙara shan ɗigonku sai kun yarda yau Asabar.”

Raɓa ta ce, “Laraba!”

Haka aka wuni. Washegari aka kafa majalisa don a yanke wanda za a fara hudawa. Majalisar ta rabu biyu kan wace tabarma za a shimfiɗa, ta Damina mai danshi ko ta Rani mai ƙaiƙayi. Nomau na zaune kan dutse, kansa ya ɗaure tam. Ko wanda ke gaba da wani bai gane ba, don waɗanda suka fi zagin juna su ne masu kuka in an ambaci dangi. Yana ta lanƙwasa yatsu. Yanzu abin da aka haifa yana tafiya. Yanzu yana magana. Namiji ne ko mace? Wa ya yanka ragon suna?

A rana ta huɗu da hantsi wata inuwa ta rufe shi. Wata ƙatuwar aljana ce mai fiffiken jemage, wuyanta cike da murjani. Ta ce, “Sannu da zama, ɗan mutum. Ni ce Inna Fito, uwar masu fito. Mu dubu bakwai ne, cikin bangon tsagar nan muke. Shekara ɗari uku mu ke tsallakar da dawa a ɓoye, mu kawo garwashi a ɓoye, mu ci rabonmu a tsakani. In ka ɗinke, me 'ya'yana za su ci? Akwai wata hanya ta ƙarƙashi da ba ta bi ta ƙofa. Hau bayana, kafin azahar kana gida.”

Ba zan rufa masa asiri ba, ko tunani bai yi ba ya haye. Suka nutsa cikin tsagar, iska na mari. Can ƙasa sai ya ga zarensa na ranar farko yana reto, da aljanu maƙale a jiki kamar fara a kara, waɗanda darewar ta rutsa da su a tsakiya. Wata mace siririya, 'yar Rani, ta riƙe da hannu ɗaya, ɗaya hannun tulu ne cike da ruwa.

Nomau ya ce, “Baiwar Allah, saki tulun ki kama da biyu mana!”

Ta ce, “Mijina na kwance ƙishi zai kashe shi. Na tsallaka na roƙo masa ruwa, ina dawowa ƙasa ta buɗe. An ce gyartai zai gyara. Ko ka gan shi?”

Nomau ya dubi zarensa. Inna Fito ta ce, “Rufe ido, mun kusa.”

Ya ce, “Inna, mayar da ni.”

“Ka haukace? Matarka fa?”

“Ni na rataye su a nan. Mayar da ni, kuma ki saurara. Wa zai ratsa huda da zare in ba mai fiffike ba? Kuma ɗinkakkiyar ƙwarya ba a gama ta. Kullum sai an duba, a ɗaure inda ya saki, a toshe inda ke yoyo. Aikin 'ya'yanki ke nan har jikoki, kuma a fili, ba a ɓoye ba.”

Ta yi shawagi sau uku tana nazari. “A gaban sarakuna za ka faɗa, kowa na ji.”

Sai da suka kwashe na kan zaren kaf, sannan ta dire shi tsakiyar majalisa. Masu fito dubu bakwai suka fito suka jeru, suka ce daga yau ba dawa ba garwashi sai an bi maganar gyartai. Kun san ciki ba ya jiran majalisa. Kafin la'asar an yarda.

Kwana uku masu fito na jan gizagizai da igiya zuwa Rani, suna kwaso garwashi zuwa Damina. Mutanen Damina na gunaguni, dawarsu ta rage tsayi, tumbinsu ya sace. Mutanen Rani na gunaguni, ɗakunansu na ƙasa sun jiƙe sun zube, kuma duk wanda ya kawo musu ruwa sai ya tsaya a yi masa godiya sau uku. Nomau na bi yana latsa ƙasa da babban yatsa, ya ce bai yi ba tukuna. Kowane “tukuna” shekara yake ci masa, shi ya sani.

A rana ta takwas ya auna inda huda za ta faɗa, ya ɗaga kai, sai ya ga bakin basilla a kan soron Raɓa. Ya auna ɗaya gefen, kan soron Ƙuna. Ya sake aunawa, haka. Dā ma kowannensu ya gina gidansa nan ne don ya riƙa hararar ɗan'uwansa.

Raɓa ta ce, “Ya kai bil'adama, ka matsa kaɗan.”

“Ranki ya daɗe, in na matsa gaba ya yage, in na matsa baya ya yi baki.”

Ƙuna ya ce, “A huda nata, nawa na tarihi ne.”

“Huda ɗaya ba ta ɗinki, ranka ya daɗe.”

Jama'a na kallon su. Matar nan mai tulu na gaba, mijinta na jingine da kafaɗarta. Raɓa ta dubi Ƙuna, Ƙuna ya dubi Raɓa, kowa na jira ɗaya ya fara tashi. A ƙarshe Dogo ya ƙirga uku suka tashi tare, kowa ɗauke da kujerarsa a ka, suna harare-harare.

Nomau ya huda. Ya kankare bakin Damina da wuƙa, ƙauyuka ukun nan aka kwashe su aka zuba a kufan Rani, suna tsine masa. Masu fito suka yi ta ratsa huda da zare. Bai ja da ƙarfi ba, kaɗan-kaɗan, yana hana kowa tsallakawa sai goma-goma. Da hantsin rana ta tara bakin ya haɗu. Hanya ta sami hanya. Aka jira a ji fat, ba a ji ba.

Sai ga ƙorafi. Raɓa ta ce, “Ga tabo nan kowa na gani.” Ƙuna ya ce, “Kuma yana yoyo.”

Nomau ya ce, “Tabo ba ya ɓacewa. Yoyo kuwa kowace ɗinkakkiya na yi da farko. Kada ku ɗora mata abu mai nauyi yanzu, ku bi ta a hankali.”

Suka rufe shi da tambaya. “To wa zai yi mulki?”

“Wane kuɗi za a ci kasuwa da shi?”

“Yau wace rana?”

Ya dube su, kujeru biyu a ka, ba wurin ajiyewa. Ya ce, “Wallahi ban sani ba. Ni ƙwarya nake ɗinkewa. Abin da za a zuba ciki naku ne.”

Suna cikin musu ƙofa ta buɗe da kanta. Don kada a ce ba su yi komai ba, Raɓa ta cika masa aljihun dama da ƙanƙara, Ƙuna ya cika na hagu da gishiri. Guguwa ta cakuɗa su a hanya. Shekara tara ta mutum, abin da ya fito da shi jiƙaƙƙiyar riga. Ni dai ban yafe musu wannan ba.

Ya faɗo bakin kasuwa da rana tsaka, ba takalmi. Rumfarsa wani mai gyaran fitila ne a ciki. Ya bi hanya yana ɓata, don an yi sababbin lunguna. Gidansa ya gane shi ne da bishiyar ƙofa kawai. An ja katanga, an yi zaure, ƙamshin ƙuli-ƙuli na tashi. Ya sa ƙafa zai shige kai tsaye, sai ya tsaya. Ya ja da baya ya yi sallama.

Wata yarinya ta leƙo, goshinta irin na uwarsa sak. “Wa ake nema?”

Ya ce, “Yaya sunanki?”

“Talle.”

Sunan da ake sa wa marayu. Ya dafa bango. “Ki ce da Tasalla ana sallama.”

Tasalla ta fito hannunta duk mai. Ta dube shi tun daga kai har ƙafa, ta daɗe. Ba ta yi ihu ba, ba ta faɗi ba. Ta ce, “Malam. Yanzun ke nan?”

Ya fara zuba, “Aljanu ne, wata ƙasa ce ta tsage, kwana tara kawai na yi, na rantse...”

Ta ɗaga hannu. “Na yi maka takaba. An raba gadonka, ƙanenka ya tafi da akuyoyi. Katangar nan ni na ja, da tuyar ƙuli. Mutum huɗu suka zo nema na kore su, kuma kada ka ɗauka don kai ne, na saba da kaina ne. Yanzu ban san ko kai mijina ne ko baƙo ba, sai an tambayi liman. Yarinyar nan kabari take nuna wa ƙawayenta a bayan gari, wanda ba kowa a ciki.”

Ƙafar Nomau na son shiga, gidansa ne. Ya dubi bakin ƙofar cikin gida, taku uku ne kawai. Sai ya nemi gefen zaure ya zauna a ƙasa. Ya ce, “Nan ya ishe ni tukuna.”

Tasalla ta ƙara dubansa, kamar wannan ne abin da ya fi ba ta mamaki a duk labarin. Ta shige ciki. Jim kaɗan Talle ta fito da tabarma da kwanon tuwo, ta ajiye nesa da shi, ta koma bakin ƙofa ta tsuguna tana kallon yadda yake ci.

Da ya kusa gamawa ta ce, “Inna ta ce in tambaye ka, gobe ma za ka zo?”

“Zan zo.”

“Jibi fa?”

“Har jibi.”

Ta yi wasa da bakin zanenta. Sannan ta ɗan matso, kamar taku ɗaya, ta ce, “To ka riƙa zuwa da wuri. Miya ta fi daɗi da zafinta.”

Ƙurunƙus, nan ta tsaya. Ku tashi ku ba ni wuri in miƙe ƙafa.